Yadda jini ya zama takardar tsallaka iyaka: tarihin gwajin ADN

 Kwana biyun nan tambaya guda ke ta dawo mana cikin saƙonni: wai gaskiya ne in mutum zai kai iyalinshi Turai ko Amurka sai an auna jininsu kafin a ba su biza? Amsar a taƙaice ita ce, wani wuri eh, wani wuri a'a. Amma abin yana da tarihi, kuma tarihin nan da mu Afirka ya soma.

Gwajin da muke cewa ADN, ƴan uwanmu na Najeriya na cewa DNA, awo ne na ƙwayoyin halittar da kowa ya gado, rabi daga uwa rabi daga uba. Muna cewa "awon jini" ne don bakinmu ya saba, alhali yau ko allura ba a buƙata. Ɗan tsinke ne mai auduga, a goga cikin kumatu, a sa a ambulan, shi ke nan.

Wanda ya gano dabarar wani malamin jami'a ne na garin Lesta a Ingila, Alec Jeffreys, ranar 10 ga Satumba 1984. Yawancin mutane na zaton ƴan sanda ne sunka fara amfani da ita wajen kama masu kisa. Ba haka ba ne. Shari'ar farko da anka warware da ita, a 1985, ta shige da fice ce, kuma a kan wani yaro ne ɗan asalin Gana.

Kafin mu zo kanshi, sai mun san yadda Ingila ke tarbar iyalan baƙi a wancan zamani. In mutumin Bangladesh ko Pakistan da ke aiki a can ya nemi a kawo mashi matarshi da ɗiyanshi, sai ma'aikatan biza su raba su ɗaki-ɗaki su yi ta tambaya: ɗakuna nawa ne a gidanku, shanu nawa gare ku, wa ya zo ɗaurin aure. In amsar yaro ta saɓa da ta uwa, an soke dosiye. Har ta kai a 1979 jaridar Guardian ta bankaɗo cewa a filin jirgin Heathrow an duba budurcin wata mata ƴar Indiya da ta zo wurin wanda za ta aura, wai don a tabbatar ba ƙarya take ba. To wanda ya ga irin wanga wulaƙanci, in an ce mashi ga awon da zai raba gardama, da hannu biyu zai karɓa.

Shi yaron, a Landan anka haife shi. Ya tafi Gana wurin ubanshi ya jima, da ya dawo sai ma'aikatan iyaka sunka ce fasfo ɗin an taɓa shi, kuma ba shi ne ɗan matar ba, wataƙila ɗan ƴar uwarta ne anka saƙo. Anka yi awon rukunin jini irin na da, ya nuna akwai dangantaka, amma ya kasa rabe uwa da inna. Ga shi uban ba ya nan balle a auna shi. Lauyar da ke kare su ta ji labarin binciken Jeffreys a jarida, ta neme shi. Sai ya ɗauki jinin uwar, da na ɗiyanta uku da ba a gardama a kansu, da na yaron. Duk alamar da ke jikin ɗiyan nan uku wadda babu ita jikin uwa, ka san daga uba ta zo. Da haka ya harhaɗa alamomin uban da bai taɓa gani ba. Da ya aza na yaron a kai, kowace alama tashi ta samu mazauni, ko wajen uwa ko wajen uba. Gwamnati ta janye ƙara, yaro ya zauna wurin uwarshi. Sai a shekara ta gaba, 1986, ƴan sandan Ingila sunka fara aiki da gwajin a binciken kisan kai.

Bayan haka dubban iyalai da anka taɓa hana wa shiga Ingila sunka yi gwajin, galibi ƴan kudancin Asiya, kuma mafi yawansu ya bayyana gaskiya sunka faɗa tun farko. Ma'aikatan biza ne ba su yarda ba. Wasu yaran ma kafin gaskiyarsu ta fito sun wuce shekara 18, ƙa'idar kawo yara ta daina aiki a kansu. A farkon lamari ke nan, ADN makamin mai rauni ne a gaban ma'aikacin da ya riga ya yanke cewa baƙo maƙaryaci ne. Wannan ya kamata mu riƙe, don mu ga inda abin ya juya.

Mu da munka yi lakkol da Faransanci, inda munka fi jin amon maganar shi ne Faransa a 2007. Nicolas Sarkozy ya hau mulki a watan Mayu, ya kafa ma'aikatar shige da fice da "asalin ɗan ƙasa", ya damƙa ta ga Brice Hortefeux. A watan Yuli ya je Dakar ya yi jawabin nan da har yau bai bar bakin mutane ba. A Satumba, ana cikin muhawarar sabuwar dokar baƙi, wani depite na jam'iyyar UMP mai suna Thierry Mariani ya kawo gyara: duk mai son a kawo mashi iyali, in ambasad na shakkar takardun haihuwa, to a ba shi damar yin gwajin ADN. Hujjarsu wani rahoto ne na sanata Adrien Gouteyron, wanda ya ce a ƙasashe irin su Senegal, Kodibuwar, Togo, Kongo biyu, Madagaskar da Komoro, kashi 30 zuwa 80 cikin 100 na takardun da anka bincika na jabu ne.

Abin da ya tada ƙura shi ne, ita Faransa tun 1994 ta yi wa kanta dokar da ta hana a auna ADN ɗin mutum don gane dangantaka sai da umarnin alƙali, in ba don magani ko binciken kimiyya ba. Bafaranshen da ya yi gwajin uba da ɗa a ɓoye na iya shan ɗaurin shekara guda da tarar Yuro 15,000, kusan miliyan 10 ke nan na sefa. A dokarsu, wanda ya amsa ɗa nashi ne, ya raine shi, to ɗanshi ne. Ba a tambayar jini. Ashe kenan iyalin Bafaranshe da amana ake gane shi, na baƙo kuwa sai an kai labo. Nan mutane sunka tsaya.

Kuma ba ƴan adawa kaɗai ba. Fadela Amara, wadda ke cikin gwamnatin kanta, ta fito ta kira abin ƙazanta. Charles Pasqua, wanda duk Afirka ta san shi da tsaurin dokokin baƙi na 1993, shi ma bai goyi baya ba. In Pasqua ya ce abu ya yi yawa, to lalle ya yi yawa. Ƙungiyar SOS Racisme da jaridar Charlie Hebdo sunka buɗe takardar koke, anka yi babban gangami a zauren Zénith na Paris a watan Oktoba. Daga nan gida, shugaba Abdoulaye Wade na Senegal da Alpha Oumar Konaré, wanda ke shugabantar hukumar Tarayyar Afirka a lokacin, duk sun yi tir.

Majalisar dattawa ba ta kashe gyaran ba, amma ta fige shi kamar kaza. Ta ce sai da yardar mutum a rubuce, sai alƙalin kotun Nant ya ba da izini, gwamnati ce za ta biya, kuma gwaji ne na wata 18 da ba zai wuce 31 ga Disamba 2009 ba. Sharaɗin da ya fi jan hankalinmu shi ne wannan: da uwa kaɗai za a gwada yaro, ban da uba. Dalili a fili yake. Sanatocin sun gane cewa in anka auna uba, wata rana takarda za ta fito daga ambasad ta faɗa wa magidanci abin da bai tambaya ba, gida ya watse a kan neman biza. An zartar da dokar 23 ga Oktoba, kotun tsarin mulki ta amince 15 ga Nuwamba tare da gindaya sharuɗɗa, anka sa hannu 20 ga Nuwamba 2007. Sai me? Sai shiru. Doka irin wannan ba ta aiki sai minista ya sa hannu a takardar zartarwa, kuma a Satumba 2009 magajin Hortefeux, Éric Besson, ya faɗa a rediyo cewa ba zai sa ba, don ofisoshin jakadanci ba su da kayan aikin, kuma ba za a iya lamunce sirrin sakamakon ba. Shekara biyu ana ta da jijiyar wuya, ba a auna ko mutum guda da wagga doka ba.

Yanzu bari mu tsaya kan abin da ya sa maganar ta shafe mu, ko da Nijar ba ta cikin ƙasashen da rahoton ya jera. Zargin takardun jabu ba ƙarya ba ne gaba ɗaya, kada mu yaudari kanmu. Amma akwai bambanci tsakanin jabu da rashin rajista. Binciken ƙasa na 2012 ya nuna kashi 64 cikin 100 ne na yara ƴan ƙasa da shekara biyar ke da rajistar haihuwa a Nijar. Iyayenmu nawa ne katinsu ke ɗauke da "né vers"? Mu nawa ne ranar haihuwarmu a takarda 1 ga Janairu ce, don sai da za a sa mu lakkol ko za mu yi jarrabawa anka je kotu da shaidu biyu anka yanko takarda? Ma'aikacin ambasad in ya ga ɗiya uku duk an haife su 1 ga Janairu, zamba yake gani. Mu kuwa mun san haihuwar gida ce, nesa da likita.

Sannan ga riƙo. A wurinmu ɗan wanka ɗanka ne, kuma bakinmu ma ba ya son rarrabewa. In ka ce "ɗan wana ne" a gaban yaron da ka raina, sai a ga kamar ka tsame shi daga gida. Goggo da Allah bai ba haihuwa ba ana ba ta ɗiya tun daga yaye, ita za ta aurar da ita. Mace ta rasu ta bar jinjiri, kishiyarta ta goya shi tare da nata. Ga agola, ga maraya, ga wanda anka sha nono tare da shi har aure ya haramta tsakani. Duk waɗannan ƴan gida ne, ana cin tuwo da su a kwano guda, kuma babu ko ɗaya da tsinken auduga zai shaida. Injin ba ya ƙarya, amma tambaya guda ya iya amsawa: wa ya haifa? Wa ya raina, wa ya ci da shi, wa ya kwana a kanshi ranar ƙyanda, wannan ba ya cikin awon.

Ta fuskar addini ma, abin da malamanmu na Malikiyya sunka karantar shi ne ɗan da anka haifa cikin aure na mai auren ne. Majalisar fiƙihu ta Rabiɗa, a zamanta na Makka a 2002, ta yarda a yi amfani da ADN a binciken laifi da wurin da jarirai sunka cakuɗe ko anka rasa gane gawa, amma ta hana a yi amfani da shi don tone nasabar da ta riga ta tabbata. Rufin asiri ne ginshiƙin hukuncin. Abin mamaki, hanyar sanatocin Faransa daban, ta malaman Makka daban, amma tsoro guda ne ya kama su.

Wanda ke son ganin abin da ke faruwa in ba a yi wanga tunani ba, ya dubi Amurka a 2008. Suna da wani shiri da ake kira P-3, na haɗa ƴan gudun hijira da danginsu. Sunka fara gwada ADN a Nairobi kan ƴan Somaliya da Habasha, sannan sunka faɗaɗa zuwa Yuganda, Gana, Gini, Gambiya da Kodibuwar, mutum sama da 3,000. Sakamakon da sunka bayyana shi ne, ƙasa da kashi 20 cikin 100 na iyalan ne anka tabbatar da dukan dangantakar da sunka faɗa. Jaridu sunka ɗauka: kashi 80 maƙaryata. Amma dubi yadda anka yi lissafin. In gida mai mutum takwas, guda ya ƙi gwaji ko bai zo ba, ko guda ɗan riƙo ne da anka rubuta "ɗa", duk gidan ya faɗa layin waɗanda ba a tabbatar ba. Akwai masu sayar da gurbi a cikinsu, babu musu. Akwai kuma matar da ta tsinci ɗan maƙwabciyarta a hanyar gudun yaƙi ta goya shi shekara goma. An dakatar da shirin, bai dawo ba sai 2012, kuma da ya dawo gwajin ya zama dole tsakanin iyaye da ɗiya.

Ingila kuma a 2009 ta zo da wadda ta fi ban dariya. Hukumar iyakokinta ta ce za ta auna ADN da gashi da farce don ta gane ko mai neman mafaka ɗan Somaliya ne na gaske ko ɗan Kenya ne ke fakewa. Masana sunka yi mata ca, har da Jeffreys da kanshi, sunka ce ƙwayar halitta ba ta san fasfo ba. A 2011 anka binne shirin. Mu nan ba sai an yi mana dogon bayani ba. Sarautar Katsinan Maradi daga Birnin Katsina ta taso bayan jihadi, a farkon ƙarni na 19. Layin da ya raba mu Turawan Faransa da Ingila ne sunka yi ta ja a takarda daga 1890 zuwa 1906, kafin su zo su kafa turaku. Wane labo ne zai rabe jinin mutumin Dan Isa da na Jibiya, ko na Konni da na Illela, alhali kaka guda ta haife su?

Kuwait ta gwada tata a 2015, bayan harin bam a masallacin Imam Sadik: doka ta ce a ɗauki ADN ɗin kowa, ɗan ƙasa da mazauni da baƙo. Kotun tsarin mulkinsu ta rushe ta a 2017. A 2018 kuma ministan cikin gidan Ingila Sajid Javid ya nemi gafara a gaban majalisa saboda an tilasta wa wasu iyalai gwajin ba bisa doka ba, cikinsu har da dangin sojojin Gurka da ƴan Afganistan da sunka yi wa Ingila aiki.

Duk waɗannan, in ban da Kuwait, tambayar ita ce "wane ne naka?", a auna, a ba da amsa. Abin da Amurka ta shiga daga 2020 wani abu ne daban, kuma shi ne ya fi tsorata mu. A 2019 sun fara da injin gaggawa a iyakar Mekziko, mai ba da sakamako cikin kamar minti 90, don gane ko babban da ke riƙe da yaro ubanshi ne. A 2020 sai ma'aikatar shari'a ta canza ƙa'ida: baƙon da jami'an shige da fice sunka tsare, a goge kumatunshi a aika wa FBI, a zuba cikin CODIS, rumbun da anka gina don masu laifi. Ba a tuhume ka da kisa ko fyaɗe ba, iyaka kawai ka tsallaka, wataƙila ma kai ka miƙa kanka kana neman mafaka. Wata cibiyar bincike ta jami'ar Georgetown ta ƙirga a 2024 cewa mutum sama da miliyan 1.5 anka zuba ta wagga hanya cikin shekara huɗu. A 2025 mujallar Wired ta ruwaito cewa cikin waɗanda anka ɗauka akwai yara da matasa sama da 133,000, har da mai shekara 4. Ku tuna kuma a 2023 samarin yammacin Afirka, ƴan Muritaniya da Senegal da Gini, sun yi ta bin hanyar Nikaragwa suna isa wannan iyakar.

Me ya sa ajiyar ta fi awon haɗari? Zanen yatsanka naka ne kai kaɗai. ADN kuwa ba naka ba ne kai kaɗai. Rabinshi na tsohonka ne, rabi na tsohuwarka, kuma ƙanenka da ke Tasawa bai taɓa hawa jirgi ba yana ɗauke da babban kaso irin naka. Wanda ya ba da nashi ya ba da wani yanki na danginshi ba da saninsu ba. Kuma abin da ke shiga ordinatar ƴan alamomi ne guda 20, amma audugar kanta ana ajiye ta, ba tare da ranar zubarwa ba, ita kuwa komai na cikinta, har cututtukan gado irin su sikila. Gwamnatin da ta ɗauka yau ba lalle ita ce za ta riƙe makullin nan da shekara 30 ba. A Turai kotun kare haƙƙin ɗan Adam ta yanke tun Disamba 2008 cewa Ingila ba ta da ikon riƙe ADN ɗin mutanen da ba a kama da laifi ba har abada. Hukuncin bai tsallaka teku ba.

Nan gida, abin da ake ɗauka a manyan mashigan iyakarmu da wajen yin fasfo zanen yatsu ne da hoton fuska. Muna da dokar kare bayanan mutum tun 2017, an sake ta a 2022, da hukumar HAPDP da ke sa ido a kai. Sai dai ikonta a iyakar Nijar ya tsaya. Audugar da anka goga a bakin ɗanka cikin ofishin jakadancin wata ƙasa, anka aika labo ɗinsu, dokarsu ce ke hawanta. A bizar iyali ta Amurka, alal misali, cewa suke gwajin na ganin dama ne, kuma mai nema ne ke biya. Amma in ma'aikaci ya ce takardunka ba su gamsar da shi ba, ka ƙi gwaji, ka san inda dosiyenka zai kwana.

Shi ya sa masu shirin kai iyali, tun ranar cika takardar farko, yaron riƙo a rubuta shi ɗan riƙo, a nemi takardar kotu da ta shaida riƙon, ko da bakin ya yi nauyin faɗi. In anka rubuta shi "ɗa" awo ya zo ya ce a'a, ba shi kaɗai za a hana ba, har ɗiyan cikinka zargin zai shafa. Kuma kafin a buɗe baki a tambaya: wa zai ga sakamakon, ana zubar da audugar ko ajiye ta ake, har zuwa yaushe.

Wanda ya taɓa bi ta wanga gwaji kuma yana son a ji yadda ta kaya, ya rubuto mana ta akwatin saƙon sirri. Don Allah kada a sa sunan yaro ko hoton takarda a ƙarƙashin wanga rubutu inda kowa ke gani.